Kwali uku a ƙarƙashin gado: mu rufe maɗaba'ar ko mu ci gaba?

Ɗan Tawada:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai na ce bari in amayar da ita a nan ko na samu sauƙi. Wasunku sun san ni da abokaina biyu muna da 'yar ƙaramar maɗaba'a ta rubutattun waƙoƙi, to maɗaba'a dai a baki, ba inji ba ofis, kwamfuta ɗaya ce da tebur da wani kabad da ƙofarsa ɗaya ta ɓalle. Shekara 3 kenan, mun fitar da ƙananan kundaye 5, duk na mutanen da muke tare da su ne, malamar firamare, wani direba, ɗalibai biyu da muka haɗe a kundi ɗaya, wani dattijo da ya daɗe yana rubutu a littafin 'yan makaranta bai taɓa nuna wa kowa ba, sai na ƙarshen nan. Shi na ƙarshen mun buga 300, yanzu haka da nake wannan rubutun kwali uku na ƙarƙashin gadona, jiya mai ɗakina ta jawo ɗaya za ta yi shara ta kalle ni kawai ba ta ce uffan ba, wallahi da ta yi magana da ya fi min sauƙi. Ɗaya daga cikin abokan nawa ya ce mu haƙura haka, kowa na da waya, mai waƙa ya ɗora a Facebook a danna masa a wuce wurin. Ni kuma zuciyata ta ƙi. Ku faɗa min tsakani da Allah, irin wannan aikin yana amfanar mutanen unguwa kuwa, ko mu ne muke yaudarar kanmu?

Gaskiya Ɗaci:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya, ku rufe. Mutum uku sun buga littafin abokansu, abokan sun zo taro sun tafa, an ɗau hoto an watse. Wannan ai zumunci ne da tawada, kar a laƙaba masa sunan hidimar al'umma.

'Yar Ɗango:
Haba Yaya Gaskiya, ko zama mutum bai yi ba ka sauke masa guduma 😂

Baba Mai Inji:
Ɗana kafin a kai ga rufewa ni tambayata ɗaya ce, wa ya ce ku buga 300? Na yi sama da shekara 30 a tsaye gaban inji, tun zamanin sitensil da Gestetner da za ka tashi hannunka baƙi ƙirin, kuma ramin da masu ƙananan littattafai ke faɗawa ɗaya ne har yau. Mai inji zai ce maka in ka ƙara yawa kuɗin kowane kwafi zai sauko, kuma ba ƙarya ya yi ba, don a babban inji kuɗin yana tafiya ne wurin haɗa faranti da saita injin, da ya fara juyawa sauran kusan kuɗin takarda ne kawai. To amma kwafin da ba a saya ba ai ba shi da araha ko nawa aka buga shi, takarda ce ka saya ka ajiye wa gara. Yanzu akwai injin dijital da zai fitar maka da 40 ko 50 ba faranti ba komai, su ƙare ka koma ka ƙara. Akwai kuma injin Riso, ɗan Jafan, jikan sitensil ne in ka duba, shi ma yana yi wa irin aikinku daidai.

Sannan kundin waƙa na farko ba sai ya yi kauri ba. Shafi 24, 28 ko 32, a naɗe a buga masa waya biyu a tsakiya shi kenan. Ka dai riƙe cewa dole shafukan su rabu 4-4, saboda takarda ɗaya in an naɗe ta shafi 4 take bayarwa, sau nawa yara suka kawo min shafi 30 in ce ko ku cire biyu ko ku ƙara biyu su tsaya suna kallona kamar na yi musu Sinanci.

Ɗan Tawada:
Baba wallahi kamar kana wurin. Haka mai injin ya ce mana, ku ƙara kaɗan ku samu ninki. Mu kuma muka ga garaɓasa.

Anti Laburare:
Ƙanina ni ba lissafin inji zan tambaye ka ba, wannan Baba ya gama. Littattafai huɗun farko ina suka tafi? Ina nufin hannun wa suka shiga, kuma ta wace hanya? Don ni a wurin aikina na lura littafin waƙa ba ya tafiya da ƙafarsa. Labari mutum zai ɗauka ya duba baya ya ga ko zai ja shi, ya aro. Waƙa kuwa sai an ji ta tukun. Na sha jera kundayen waƙa a kan kanta su yi wata shida ba wanda ya taɓa, ranar da na sa wata yarinya ta tashi ta karanta baiti uku da ƙarfi a gaban 'yan ajinsu, kafin a tashi an yi rububin kundin har da masu rigima. Kunne ne ke saye, ido rakiya yake yi.

Tsohon Ɗalibi:
Malam Gaskiya ka ce zumunci ne da tawada, to bari in ba ka labarin wani zumuncin. A 1965 a birnin Detroit na Amurka akwai wani ma'aikacin laburare baƙar fata, Dudley Randall, abokin aikin Anti kenan. Ya rubuta waƙa a kan bam ɗin da aka tayar a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama a 1963 wanda ya kashe 'yan mata huɗu. Wani mawaƙi ya nemi ya sa mata kiɗa, shi kuma don ya tsare haƙƙin mallakarsa sai ya buga ta a falle ɗaya tak. Falle ɗaya fa. Daga nan maɗaba'arsa Broadside Press ta samo asali, daga cikin gidansa yake gudanar da ita bayan ya taso aiki. Kafin shekara goma ta buga kundayen mawaƙa irin su Nikki Giovanni, Sonia Sanchez, Audre Lorde, Etheridge Knight wanda yana gidan yari aka fitar masa da kundinsa na farko. Gwendolyn Brooks da ta ci kyautar Pulitzer tun 1950, baƙar fata ta farko da ta ci, ta bar babban kamfanin da ke buga ta a New York ta dawo wurinsa. Kuma mutanen da manyan kamfanoni ke cewa ba sa sayen waƙa su ne suka saya, a wurin taruka da ƙananan kantunan littattafai na baƙaƙen fata.

A Ingila ma marubuciya Virginia Woolf da mijinta Leonard a 1917 ɗan injin hannu suka saya suka ɗora a kan teburin gida, ita da kanta take jera haruffa ɗaya bayan ɗaya. Doguwar waƙar T. S. Eliot da ake ta karantarwa a jami'o'i yanzu, bugun da suka yi mata a 1923 bai kai kwafi 500 ba. Ɗan Tawada da 300 ɗinsa ai bai yi nisa da su ba.

Gaskiya Ɗaci:
Malam na gode da darasi, amma wannan shi ne a ƙirga waɗanda suka haye kogi a manta da waɗanda ruwa ya ci. Duk Randall ɗaya akwai dubu da suka buga suka tara kwali suka mutu ba wanda ya san sunansu. Kuma tunda ka ɗauko labarin ka ƙarasa shi mana, shi Randall ɗin ba bashi da gajiya ne suka sa ya sallama kamfanin a 1977 ba? Sannan shi yana da abin da ya riƙe shi, mutanensa na cikin gwagwarmaya suna neman muryarsu a takarda ido rufe. Ɗan Tawada wace ƙishirwa yake kashewa? Wa ya aike shi?

Tsohon Ɗalibi:
Ya sallama, gaskiya ne, ban ɓoye ba mantawa na yi. Amma sunan bai mutu ba, a 2015 ma ta haɗe da wata maɗaba'ar mai suna Lotus Press suka ci gaba. Tambayarka ta ƙarshe dai na yarda tana da nauyi, shi ya kamata ya amsa.

Ɗan Tawada:
Toh. Anti da Yaya Gaskiya kusan abu ɗaya kuka tambaya, bari in bi su ɗaya-ɗaya, ni ma ban taɓa zama na lissafa haka ba.

Na malamar firamare 100 muka buga, ya ƙare a hankali, iyayen yara da malamai 'yan'uwanta suka saye, har wata makaranta ta sa yara haddar waƙa biyu daga ciki. Na ɗaliban nan ya ɗan yi saura amma ba yawa. Na dattijon 60 ne kacal, 'ya'yansa da jikokinsa da tsofaffin abokan aikinsa, ranar da muka kai masa ya riƙe littafin ya fi minti biyar yana shafa bangon bai buɗe ba, bayan wata bakwai Allah ya yi masa rasuwa, yanzu jikarsa ke zuwa zamanmu na wata-wata tana karanta nasa. Na direban kuwa shi ne abin mamaki, 150 cikin sati shida babu ko ɗaya, a motarsa yake ajiyewa, in tafiya ta miƙa sai ya fara rero wa fasinja, waƙoƙin duk a kan hanya ne da jiran lodi da ciwon baya da kewar gida, sauran direbobi suka dinga saye suna cewa wannan ai mu ake faɗa.

Na biyar ɗin... hmm. Na wani babban mutum ne a unguwarmu, mai mutunci wallahi, shi yake ba mu aron wurin da muke zama kyauta. Ya kawo waƙoƙinsa ya ce a buga, ya kuma ce zai ɗauki rabin kuɗin. Mu ukun mun karanta, kowa ya yi shiru. Ba wanda ya iya cewa komai.

'Yar Ɗango:
Yaya waƙoƙin ba su yi ba kenan?

Ɗan Tawada:
Ƙanwata kar ki sa in yi gulma da daren nan. Nasiha ce mai kyau aka yanka gunduwa-gunduwa aka jera. Amsa-amon ma da ƙarfi ake jawo shi, kalma ba ta da aiki a wurin amma tunda ta ƙare da harafin da ake so sai a cusa ta.

Gaskiya Ɗaci:
Alhamdu lillahi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ashe ba mutane ne suka ƙi waƙa ba, waƙar ce ba ta zo ba. Ka shigo kana tambaya ko jama'a na da buƙatar aikinku, alhali jama'ar sun ba ku amsa sau biyar, huɗu sun ce e, ɗaya sun ce a'a, ku ne ba ku saurara ba. Yanzu faɗa min gaskiya, a shekara ukun nan mutum nawa kuka taɓa mayar wa da rubutunsa kuka ce bai kai ba?

Ɗan Tawada:
Ko ɗaya.

Gaskiya Ɗaci:
To ku ba maɗaba'a ba ne tukun, shagon fotokwafi ne mai ladabi.

Admin:
Malam Gaskiya a sassauta harshe don Allah, gyara muke ba fasa kai ba.

Anti Laburare:
Harshen da kaifi amma kar a yar da maganar. Sai dai Gaskiya kai ma ka sani faɗar a'a daga nesa ba wuya. Editan babban kamfani zai tura wasiƙar layi biyu ga mutumin da ba zai taɓa gani ba, ya juya ya ci gaba da harkarsa. Shi Ɗan Tawada wanda zai ce wa a'a gobe da safe za su haɗu a bakin layi, jibi ɗansa zai zo aron biro wurin 'yarsa, mabuɗin wurin zamansu ma a aljihun mutumin yake. Nan ne wahalar ƙaramar maɗaba'a take, ba a kuɗi ba kamar yadda ake ta faɗa. Kusancin da ya sa ta gano direban nan, wanda ba kamfanin da zai taɓa jin labarinsa, shi ne dai kusancin da ya ɗaure mata baki gaban mai gidan. Igiya ɗaya ce.

Kuma a'a kala-kala ce. Akwai a'a ta kora, akwai ta zo mu zauna. Da kun ce masa ranka ya daɗe a cikin waƙoƙin nan guda 6 sun tsaya da ƙafarsu, mu sa su a kundin haɗaka tare da na wasu, sauran mu ci gaba da aiki a kansu, ina ganin da zai ji zafi na kwana biyu ya wuce. Yanzu fa? Shi ma ai ya san littafin bai tafi ba, kuna haɗuwa kowa na kauda kai.

Ɗan Tawada:
Anti kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Rannan ya tambaye ni saura nawa na ce ana nan ana turawa. Ya ce to madalla. Mu duka mun san ƙarya nake.

'Yar Ɗango:
Bari ni ma in sa baki a matsayina na wadda aka taɓa yi wa irin wannan zaman, don masu cewa a ɗora a Facebook kawai. Na yi shekara huɗu ina ɗorawa, duk waƙar da na sa sai masha Allah, fasihiya, wuta wuta, alƙalaminki ya fi takobi, har na fara jin ni wata ce. Sai na tura wa wata 'yar ƙaramar maɗaba'a, mace ce ke riƙe da ita ita kaɗai, ta kira ni ta ce in zo. Ta ce karanta min wannan da ƙarfi. Na fara, ina kaiwa ɗango na uku na yi tuntuɓe, ta ce sake, na sake na kuma yin tuntuɓe a wuri ɗaya, ta ce kin ji? harshenki ya san karin ya karye tun kafin ke ki sani. Wallahi mun yi awa biyu a kan baiti huɗu. Na fito ina jin haushinta kamar in yi kuka, a hanya na ce ba zan koma ba. Sati na zagayowa na koma. A cikin waƙa 35 da na kai 14 ta ɗauka, kuma yau in na duba sauran 21 ɗin sai in gode wa Allah da ba su shiga takarda ba.

Masu danna min so ɗin nan ba wanda ya taɓa ba ni awa biyu. Ba laifinsu ba ne, wucewa suke. Ni dai abin da na samu a wurinta ba littafin ba ne kawai.

Mai Leƙe:
Kullum karatu nake ba na magana amma yau sai na tanka. Tambaya: in marubuci ya biya rabi kamar yadda mai gidan nan ya yi, laifi ne? Ai ba a buga littafi da addu'a.

Baba Mai Inji:
Ba haram ba ne ɗana, amma ka san wanda ya biya shi ke da magana. In ni ka kawo wa aiki ka biya, ko sunan kajinka ka rubuta zan buga maka, sana'ata kenan. Su kuwa da suka sa tambarinsu a bango cewa suke mun karanta mun tsaya masa. Mai saye tambarin yake yarda da shi. In ya saya sau ɗaya ya ga shirme, na gaba ko lu'ulu'u ne ba zai duba ba, direban da malamar duk an ja musu. In dole sai an karɓi kuɗi to a nemi masu so su biya tun kafin bugu, mutum 40 su ba da nasu a rubuta sunayensu a shafin baya, da ma can haka mawaƙan da suke yi a ƙasashe da yawa kafin a samu manyan kamfanoni. Ka ga ka san adadin da za ka buga, kuma ba mutum ɗaya ne ya riƙe maka wuya ba.

Gaskiya Ɗaci:
Ko su nemi tallafin ƙungiyoyi kamar yadda kowa ke yi, a rubuta takarda a ce ana ƙarfafa matasa, a sa hoton yara suna murmushi.

Tsohon Ɗalibi:
Ka faɗa da gatse amma akwai darasi a nan ma. Kulob ɗin Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961, su Ulli Beier da Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele, wuri ne na zama da wasan kwaikwayo da nunin zane, kuma suna buga ƙananan littattafai. Kundin Okigbo na farko a 1962 su suka fitar, na Dennis Brutus a 1963 su ne, a lokacin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta hana shi wallafa komai a gida. Aiki ne na gaske ba wanda zai musa. To kuɗin fa? Wani kaso daga wata ƙungiya mai ofis a Faris yake zuwa, Congress for Cultural Freedom, sai a wajen 1966 zuwa 1967 ta fito fili cewa hukumar leƙen asirin Amurka CIA ce ke zuba mata kuɗi ta bayan gida. Ba ina cewa waƙoƙin sun gurɓace ba, ko kaɗan. Ina dai cewa kowane kuɗi da mai shi, na mai gidan unguwa ana ganin fuskarsa, na nesa wani lokacin sai bayan shekaru.

Abin da ya fi burge ni da Mbari shi ne wurin zama ne kafin ya zama maɗaba'a. Haka City Lights a San Francisco, kantin littattafai Lawrence Ferlinghetti ya fara buɗewa da abokinsa a 1953, sai a 1955 ya fara buga ƙananan kundaye masu shiga aljihu. Mutane suka fara taruwa, littafi ya biyo baya. Ɗan Tawada ka ambaci zaman wata-wata a wuce kamar ba komai ba, mutum nawa ke zuwa?

Ɗan Tawada:
Ya danganta, wani lokacin 15 wani lokacin har 40 in an yi hutun makaranta. Akwai wani mai gadi da bai iya karatu ba amma bai taɓa fashi ba, shi ne ma yake fara cewa a maimaita in baiti ya yi masa daɗi. Ni ban ɗauki zaman a matsayin aikin ba gsky, na ɗauka talla ce kawai don a sayi littafi.

Anti Laburare:
Kai ƙanina. Mutum 40 na tashi daga gidajensu su zo jin waƙa kana cewa talla. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Mai Leƙe:
To ba za su gwada kai littattafan manyan kantuna ba ko su samu dillali ya rarraba musu? Ko 300 ɗin ta ragu.

Baba Mai Inji:
Kanti zai cire wajen kashi 40 cikin 100 na kuɗin bango, in dillali ya shiga tsakani abin ya haura rabi, kuma yawanci ajiya ce, in bai sayu ba a dawo maka da shi ya yi datti kusurwa ta lanƙwashe. Sannan za su nemi lambar ISBN, mai lamba 13 ɗin nan ta bayan littafi, wadda ɗan kundi mai waya biyu da za a sayar hannu da hannu ba lallai ya buƙace ta ba. Littafin da ba shi da ƙashin baya ma in an jera shi a kanta ɓacewa yake tsakanin manya.

Tsohon Ɗalibi:
Dillalin ma ba dutse ba ne. A Amurka akwai Small Press Distribution da ta yi tun 1969 tana rarraba wa ƙananan maɗaba'u littattafai, a watan Maris na 2024 ta rufe kwatsam, ɗaruruwan maɗaba'u suka wayi gari littattafansu na sito a wata jiha, kuɗin cinikinsu ma wasu ba su san ta inda za su karɓa ba. Direbanku da jakarsa a mota ba wanda zai rufe shi da saƙon imel.

Kuma in kuna son ganin inda aka mayar da rashi ya zama salo ku duba Eloísa Cartonera a Buenos Aires. Bayan tattalin arzikin Ajantina ya durƙushe a 2001 mutane da yawa suka koma tsintar kwali a titi suna sayarwa. A 2003 wani mawaƙi Washington Cucurto da abokansa masu zane suka fara sayen kwalin daga hannun masu tsintar da kuɗin da ya fi na kasuwa, su yanka su yi bangon littafi da shi, a yi masa fenti da hannu, kowane kwafi da kamanninsa. Marubuta suka dinga ba su izinin bugawa, abin ya bazu ƙasashe da dama na yankin. Nan unguwa ba saye kawai take ba, da hannunta ake yin littafin.

'Yar Ɗango:
Yaya Tawada ka ji, ko ba komai kana da kwali uku na fara jari 😂😂

Ɗan Tawada:
Ƙanwata Allah ya shirye ki 😂 Amma wallahi maganar ta shige ni, yaran da ke zuwa zamanmu in aka ba su fenti da almakashi ai sai an kore su.

Gaskiya Ɗaci:
Ni fa har yanzu ban janye ba. Duk wannan daɗin bakin, in wata mai zuwa wani mai mutuncin ya kawo nasa kuka sake yin shiru, mun dawo gidan jiya. Ku rubuta ƙa'ida a takarda tun kafin a kawo, kundi biyu a shekara, mutum uku su karanta ba tare da sun ga sunan mai shi ba, a samu ɗaya daga waje wanda ba ya jin kunyar kowa a unguwar. In an ƙi mutum ya san takarda ce ta ƙi shi ba ɗan maƙwabcinsa ba.

Anti Laburare:
Cire suna a unguwar da kowa ya san salon kowa? Layi biyu za su karanta su gane mai shi. Amma na waje ɗin na yarda, kuma ina da wanda zan ba da shawara, yana cikin gidan nan, harshensa kamar reza.

Gaskiya Ɗaci:
Anti ni kike nufi? Ni da na ce a rufe?

Anti Laburare:
Kai fa. Wanda ya ce a rufe amma ya kwana yana rubuta musu ƙa'ida.

Ɗan Tawada:
Yaya in ka yarda mun ɗauka, ba albashi sai godiya. Ni kuma gobe in sha Allah zan je in samu mai gidan in faɗa masa adadin da ya rage na gaskiya, cikina har ya fara ciwo tun yanzu. Akwai guda biyar ko shida a ciki da ba su da laifi, musamman wadda ya yi wa mahaifiyarsa, ita kam ba nasiha yake ba, magana yake. Zan roƙe shi ya zo ya karanta ta da bakinsa a zaman 21 ga Maris tunda ranar waƙa ta duniya ce, bai taɓa karantawa a gaban mutane ba, kullum a baya yake zama yana duba ko kujeru sun isa.

Anti kwafi nawa laburarenku zai iya karɓa kyauta?

Anti Laburare:
Biyu. Kar ka mayar min da wurin aiki ƙarƙashin gado. Amma na ɗaliban da na dattijon in akwai saura kawo biyar-biyar.

Gaskiya Ɗaci:
Ban ce na yarda ba tukun. A turo min na direban in karanta in ga ko kuranta shi kake.

Ɗan Tawada:
Ya ƙare Yaya, ko nawa na ajiya wani ya ara bai dawo da shi ba. Sai dai in mun sake bugu.

Baba Mai Inji:
Turo min fayil ɗin in duba shafukan. 50 fa, kar in ji ka ce garaɓasa.